Yadda Ake Karɓo Kayan Kakanni Daga Hannun Baƙi

Jama'a, darasinmu na yau a kan kayan kakanni ne, waɗanda aka kwashe daga ƙasashenmu aka kai Turai, da kuma mutanen da ke shan wahalar karɓo su. Akwai sunayen baƙin wurare a ciki. Kada su firgita ku. In kun gamu da wanda ya yi muku wuya, ku rarraba shi gaɓa-gaɓa, yadda malamin aji ya koya muku.

Bari mu fara daga gida. Mu mutanen Gaya da Ajingi mun san labarin da ake bayarwa, cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga Gaya suka tashi, suna neman tama. Su ake kira Abagayawa. An ce sunan babbansu Kano, kuma sunansa ne birnin ya ci. To, in wani baƙo ya zo ya ce wannan tatsuniya ce, da me za mu ƙaryata shi? Baki kaɗai ba zai isa ba. Sai mun nuna kufai, da kashin maƙera, da tsofaffin kayan ƙira, da takardu. Amfanin kayan tarihi ke nan, watau shaidu ne. Mutumin da aka janye wa shaidu kuwa, ko da gaskiyarsa, in ya je gaban alƙali sai ya yi ta kame-kame.

Tutar Sarkin Musulmi

Ran 3 ga Fabrairu, 1903, sojan Ingila suka shiga birnin Kano. Kanar Morland ne shugabansu. Sarkin Kano Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Daga nan suka nufi yamma. Ran 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Bindiga mai ruwa ta fi ƙarfin mashi da takobi, rundunar ta watse, amma waɗansu mutane kaɗan suka tsaya wurin tuta, suka ƙi gudu, har aka kashe su a nan.

Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas. Jama'a masu yawa suka bar gonakinsu da gidajensu suka bi shi. Turawa suka bi sawunsa har Burmi, a ƙasar Gwambe, kusa da kogin Gongola. Ran 27 ga Yuli, 1903, aka yi yaƙin ƙarshe. Sarkin Musulmi ya faɗi, da mutum fiye da 600 tare da shi. A nan tutar ta shiga hannun Turawa.

Ku lura, tuta ƙyalle ce a kan sanda. In don kuɗi ne, ba ta kai doki ɗaya ba. Me ya sa mutane suka mutu a gindinta? Me kuma ya sa Turawa suka ɗauke ta suka adana, ba su jefar ba? Dalilin ɗaya ne. Duka ɓangarorin biyu sun san cewa wanda tuta ke hannunsa shi ne mai mulki. Ba a mayar da ita ba sai a 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, lokacin da aka damƙa ta ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Ku ɗebe 1903 daga 1960 a allunanku. Shekara 57 ke nan. Yaron da aka haifa ran yaƙin Burmi ya yi jikoki kafin tutar ta ga gida.

Ba tuta kaɗai ba ce. Da Turawa suka shiga Sakkwato, sun sami wasiƙun sarakuna na Larabci a gidan Waziri Buhari, suka tattara su. Daga baya aka juya su da Ingilishi, aka buga a 1927. Sun karanta sirrin masarauta don su san yadda za su riƙe ta.

Abin da ya sami Bini

Amma inda aka yi wa kayan tarihi wasoso mafi girma a Nijeriya shi ne birnin Bini, can Kudu, a jihar Edo ta yanzu. Sarkinsu shi ake kira Oba. Mutanen Bini gwanaye ne wajen zubin tagulla da sassaƙar hauren giwa. Ba su ajiye tarihinsu a littafi ba, a tagulla suka ajiye shi. In Oba ya rasu sai a zuba kansa da tagulla. In an ci yaƙi, ko an yi babban biki, sai a zuba hotonsa a faranti a kafa a fada. Wanda ya iya dubawa yakan karanta su kamar yadda kuke karanta wannan shafi.

A watan Fabrairu na 1897 sojan Ingila suka ci birnin, wuta ta cinye fada, aka kwashe kaya dubbai. Aka kai Oba Ovonramwen Kalaba, can ya rasu a 1914. Kayan kuwa aka rarraba, hafsoshi suka ɗebi nasu, aka yi gwanjon saura a Landan. Jamus ta saya da yawa, waɗansu suka tafi Amurka da Holan da sauran ƙasashe.

A nan wani dattijo a aji zai iya cewa, "To, Malam, ai ganima ce. Sarakunanmu ma in sun ci gari sukan kwashi ganima." Maganarsa da ƙamshin gaskiya, ba za mu ɓoye ba. Amma mu dubi abu biyu. Na ɗaya, ganimar da aka sani dawaki ce da shanu da dukiya, waɗanda ake ci su ƙare. Wannan kuwa tarihin mutane ne ɗungum aka ɗauke, aka bar jikokinsu ba su da abin da za su nuna. Na biyu, Turawan nan da kansu, bayan yaƙin Napoleon a 1815, sun tilasta wa Faransa ta mayar da kayan tarihi masu yawa da ta kwaso daga maƙwabtanta. Ashe sun san ba daidai ba ne. A tsakaninsu dai suka tsayar da adalcin.

Wani kuma zai ce, "Mu ina ruwanmu da gumaka?" Ba wanda ya ce a bauta musu. Shaida ce kawai ta abin da hannun mutanen ƙasar nan ya iya. Kuma ba mutum-mutumi kaɗai aka kwashe ba. Kun san Shehu Umarul Futi, wanda ya zauna Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har ya auri 'yarsa. Da Faransawa suka ci birnin Segu, a ƙasar Mali ta yanzu, a 1890, sun kwashe littattafan gidansa ɗaruruwa suka kai Faris. A cikinsu har da wallafe-wallafen Shehu Usmanu da Abdullahi da Bello. To, wannan ruwan wa?

Aikin jakadu

Jakada shi ne wanda ƙasarsa ta aika wata ƙasa ya zama bakinta. Ba ya ɗaukar bindiga. Makamansa takarda da alƙalami da haƙuri. Kun san yadda ake bin bashi wurin mutumin da ya fi ka ƙarfi. Ba ka cin kwalarsa. Kakan je da sallama, ka koma, ka sake komawa, ka kai magana gaban manya, har kunya ta kama shi. Haka aikin nan yake, sai dai shi ba na wata ɗaya ba ne, ba kuma na shekara ɗaya ba.

Tun zamanin Turawa Oba Akenzua na Biyu ya fara roƙo. A 1938 aka mayar masa da waɗansu kayan sarauta na murjani na kakansa. Bayan wannan, abin takaici, sai da Nijeriya ta riƙa sayen kayanta da kuɗinta. An saya daga babban gidan tarihi na Landan, wanda suke kira British Museum, wajen 1950, aka kuma saya a gwanjo a Landan a 1980. Ku yi tunani, a sace maka akuya, ka gan ta a kasuwa, a ce sai ka biya.

Da ƙasashen Afirka suka sami mulkin kai, suka sami kujeru a Majalisar Ɗinkin Duniya, sai suka kai ƙara can. A 1970 hukumar Majalisar mai kula da ilmi da al'adu, wadda ake kira UNESCO, ta tsara yarjejeniya ta hana fataucin kayan tarihi na sata. Nijeriya ta shiga a 1972. A 1973 Shugaba Mobutu na ƙasar Zayar, watau Kwango, ya ta da maganar a zauren Majalisar. A 1978 kuma Amadou-Mahtar M'Bow, mutumin Senegal, baƙar fata na farko da ya shugabanci UNESCO, ya yi kira ga duniya a mayar wa kowace al'umma kayan da ba ta da madadinsu. A gida kuwa akwai Ekpo Eyo, wanda ya shugabanci ma'aikatar kayan tarihi ta Nijeriya daga 1968 zuwa 1986, ya yi ta rubuta wasiƙu, sau da yawa ba amsar kirki.

Me ya hana a ci nasara tun a lokacin? Ga inda gizo ke saƙa. Yarjejeniyar 1970 ba ta waiwaye. Abin da aka sata bayan ƙasa ta shiga cikinta shi ta kama. Abin da aka kwashe a 1897 ko 1903 ba ya ciki. Ingila kuma tana da dokarta ta 1963, wadda ta hana British Museum rabuwa da kayan da ke rumbunsa, sai a 'yan wurare ƙalilan. Watau sun ɗaure hannunsu da kansu, sa'an nan suka ce mana, "Ku duba, hannunmu a ɗaure yake." A 1977, da aka yi babban bikin al'adun baƙar fata a Ikko, wanda ake kira Festak, alamar bikin ita ce fuskar Idia, uwar wani Oba, ta hauren giwa. Aka nemi aronta daga Landan, aka hana. Dole masassaƙanmu suka sassaƙa kwatankwacinta.

Shekaru suka yi ta wucewa. Sannu ba ta hana zuwa. A watan Nuwamba na 2017 Shugaban Faransa Macron ya faɗa a Wagadugu cewa bai kamata tarihin Afirka ya zauna a Turai kaɗai ba. Ya sa malamai biyu bincike, Felwine Sarr na Senegal da Bénédicte Savoy ta Faransa. Suka ƙirga kayan Afirka wajen 90,000 a gidajen tarihin Faransa kawai. A 2019 aka miƙa wa Senegal takobin da ake dangantawa da Shehu Umarul Futi. A 2021 aka mayar wa Jamhuriyar Benin, tsohuwar Dahomi, kaya 26 na sarakunanta. Ku gwada 26 da 90,000, ku ga sauran tafiya.

Waɗansu gidajen tarihi na Turai a 2018 sun ce sun yarda su ba Nijeriya aron kayan Bini, a duba, a mayar musu. Wakilanmu suka nace cewa mallaka suke nema. Mu a ganinmu nan ne suka yi aiki mafi kyau, gama wanda ya karɓi aron rigarsa ya shaida cewa ba tasa ba ce.

Jamus ce ta fara sakkowa sosai. Jakadan Nijeriya a can daga 2017 zuwa 2023 shi ne Yusuf Maitama Tuggar, mutumin jihar Bauci, ya kuwa matsa ƙwarai a kan maganar. Shugaban hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a lokacin, Farfesa Abba Isa Tijani, shi ya yi ta zama da masu gidajen tarihin, ana bin kaya ɗaya-ɗaya. Ran 1 ga Yuli, 2022, a birnin Balin, Minista Lai Mohammed da Minista Zubairu Dada suka sa hannu da takwarorinsu na Jamus, a kan cewa kaya fiye da 1,100 sun zama mallakar Nijeriya. A watan Disamba Ministar Harkokin Wajen Jamus, Annalena Baerbock, ta kawo wajen 20 Abuja da kanta. Ta yarda a gaban jama'a cewa ɗaukarsu laifi ne, riƙe su ma laifi ne. Wata kwaleji ta Jami'ar Kambirij da Jami'ar Abadin a Ingila da Sikotlan sun riga sun mayar da nasu guda ɗai-ɗai a 2021. Wani babban gidan tarihi na Amurka ya sallama 29 a 2022. Holan ta kawo 119 a watan Yuni na 2025. British Museum kuwa, mai riƙe da fiye da 900, yana nan a bayan dokarsa.

Da kaya suka fara isowa sai wata tambaya ta taso a gida, na wane ne, na Gwamnati ko na Oba? A 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya yanke cewa na Oba ne, tun da daga fadar kakansa aka ɗauke su. Waɗansu a Turai suka yi gunaguni. Ba mu ga hurumin gunaguninsu ba. In ka mayar wa mutum kayansa, ba kai za ka faɗa masa ɗakin da zai ajiye ba. Amma wajibi ne a kanmu mu adana su inda ruwa da gara da ɓarayi ba za su kai ba, inda kuma talaka zai iya zuwa ya gani.

Yanzu ga abin da ya fi shafar ku 'yan aji. Da me jakada ke kafa hujja? Da rubutu. Sojan da ya ɗauki kaya ya rubuta wa iyalinsa wasiƙa. Mai gwanjo ya rubuta wanda ya saya da nawa ya biya. Gidan tarihi ya sa wa kowane abu lamba a rajista. Waɗannan takardu ake bi sawu-sawu, kamar mai bin sawun ɓatacciyar saniya, har a kai ga ranar da aka ɗauke shi. A 2022 aka gama tattara sunayen kayan Bini fiye da 5,000, a gidaje 131 cikin ƙasashe 20, aka sa a intanet kowa ya gani. Abin da aka rubuta shi ake iya nema. Abin da ya fita ba a rubuce ba, ko an gan shi a Turai, ba mai iya rantsuwa cewa daga garin kaza ya fito.

Satar da ba ta bindiga ba

Kada ku zaci abin ya ƙare da zamanin Turawa. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yanzu. Daga baya aka gane aikin mutanen da ne, waɗanda suka rayu fiye da shekara 2000 da suka wuce, masu narka tama kamar kakanninmu. Aka kuma sami masu kama da su a ƙasar Katsina da ta Sakkwato. Da labari ya kai Turai cewa suna da tsada, sai dillalai suka bazu ƙauyuka. Suka ba talakawa 'yan kuɗi kaɗan, aka yi ta tono da dare, ana farfasa abin da ba a so. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan yumɓun Nok da Katsina da Sakkwato cikin jerin waɗanda ke cikin hatsari, ta ce kada kowa ya saya.

A wannan shekara kuwa aka ga biyu daga cikinsu, na Nok, a babban gidan tarihi na Faris mai suna Louvre. Gwamnatin Faransa ce ta saye su, tare da wani ɗaya na Sakkwato, daga wani dillali, alhali dokar Nijeriya ta hana fitar da su. Aka yi ta ka-ce-na-ce. A 2002 aka daidaita, Faransa ta yarda kayan na Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, wanda ana iya sabuntawa. Suna namu, kaya nasu. Wanda ya tona ramin kuwa ya daɗe da cinye kuɗinsa, kuma ba wanda ya san gonar da aka tono su.

Doka tana nan. Tun 1953 aka kafa ta, aka sabunta a 1979. Ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izni ba, ta hana cinikinsu sai ta hannun wanda hukuma ta yarda da shi. In garmarku ta ci karo da tsohuwar tukunya ko wani abu a kufai, kada ku ci gaba da tono. Ku gaya wa mai unguwa, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Hukumar tana da ofis a Gidan Makama, kusa da fadar Sarkin Kano, kamar mil 40 daga Gaya ta hanyar Wudil. Wanda bai taɓa shiga ba ya daure ya shiga, ya ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da kayan yaƙin da.

A gidajenmu ma, daga Kademi har Toranke da Gafasa, akwai abubuwan da ba mu ɗauke su bakin kome ba. Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka, kundin wani kaka, takobi, sulke, kwalkwali, tsohon sirdi, tambari, uwar maƙera da aka gada kaka da kakanni. Wata rana baƙo zai yi sallama ya ce yana sayen tsofaffin kaya. Mun san halin da ake ciki, in damina ta yi gardama kuɗi na da daɗi. Ba mu zo mu zagi kowa ba. Amma kun ji shekarun da tuta ɗaya ta yi, ita da ke da Sarkin Musulmi a bayanta.

Aikin aji

Kafin zama mai zuwa, kowa ya nemi abu ɗaya mafi tsufa a gidansu. Kada ku ɗauko shi, ku bar shi inda yake. Ku je wurin dattijon gida ko tsohuwar gida da takarda da fensir, ku tambaya, ku rubuta sunan abin, da wanda ya yi shi in an sani, da wanda ya fara mallakarsa, da hannuwan da ya bi har ya iso yau. Ku auna tsawonsa da taƙi ko kamu. In akwai tabo ko karaya ko wata alama a jikinsa, ku rubuta, gama da ita ake gane shi. Mai waya ya ɗauki hotonsa. A ƙasa ku sa sunan garinku da kwanan wata, wanda ya ba ku labari ya sa hannu ko ya dangwala. Ku yi kofe biyu, ɗaya ya zauna a gida, ɗaya ku kawo wa malamin aji, za mu ɗinke su wuri ɗaya su zama littafin garinku.